Katin Da Aka Fizge Da Zafinsa

Rana ta ɗan karkata, Sufeto yana zaune a ofishinsa yana faɗa da wata fankar tebur da ta ƙi juyawa, sai waya ta yi ƙara. Saje ne ya ɗauka. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya toshe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, daga cibiyar binciken ruwa ne. Wai an sace musu kati a cikin kwamfuta."

"Kati ɗaya tal? A kansa ake kiran caji ofis?"

"Matar kamar za ta yi kuka, Yallaɓai. Ta ce rayukan mutane ne a ciki."

Sufeto ya saki fankar, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin injuna yana hawa na biyu, can ƙarshen baranda. Sanyin esi ya daki fuskarsu tun daga bakin ƙofa. A tsakiyar ɗakin akwai wani baƙin akwati mai tsayin firji, an cire murfin gefensa. Wata mata mai tabarau tana tsaye a gabansa ta harɗe hannu a ƙirji. Ita ce Dakta, mai kula da lissafin ambaliya. A bayanta kuma wani siririn saurayi ne, Injiniya, mai gyaran injunan cibiyar, sai jujjuya sukudireba yake a hannu.

Sufeto ya leƙa cikin akwatin. Wasu faffaɗan abubuwa ne a jere, kowanne ya kai tsawon damtse, da fankoki a jikinsa. Guda bakwai. A tsakaninsu ga giɓi kamar an cire haƙori.

"Dakta, yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Mene ne waɗannan?"

"Katin hoto ne, ranka ya daɗe. Asali don wasannin kwamfuta aka ƙera su, mu kuma muka ga suna da wani amfani. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar gwanin lissafi ne guda ɗaya, komai gwanintarsa ɗaya bayan ɗaya zai yi. Shi kuwa katin nan kamar zauren jarrabawa ne cike da yara dubbai, kowa da ɗan ƙaramin lissafinsa, duk su yi a tare."

"To me yaran suke lissafawa?"

"Kogi. Mun yanka taswirar kogin gida takwas, kowane kati da yankinsa. Muna zuba ruwan sama mai yawa a cikin lissafin, mu ga inda zai bi."

Ta ci gaba da bayani. An gina sababbin gidaje a bakin kogi, an yi musu katangar tare ruwa. Gobe da yamma kwamiti zai zauna. In ba ta kai sakamako ba, za su dogara da abin da ke rubuce a takardar gini, su raba wa mutane makullai. Damina kuwa tana bakin ƙofa.

"Saura kaɗan ya kammala," in ji ta. "Na tafi zaure ina ba da lacca, na dawo na tarar da wannan. Yau ko loma ban sa a bakina ba, Yayana da ke kawo mini abinci daga wajen Mama ma bai zo ba."

Sufeto ya tsuguna. Ya tsinci wani ɗan baƙin roba a ƙasan akwatin, ya ɗaga.

"Wannan fa?"

"Fiffiken fanka ne," in ji Injiniya. "Yana juyawa aka damƙe shi. Dubi soket ɗin bango, an kashe, amma injin yana da batir, bai tsaya ba. Ga ɗan makullin da ake dannawa kafin a zare kati, an karya shi. Ko sukurun ba a kwance ba, lanƙwasa ƙarfen aka yi. Yallaɓai, wannan ba cirewa ba ce, fizga ce."

"Wanda aka ɗauka shi ya fi tsada?"

"Ina! Shi ne tsohon cikinsu. Ga sababbi fil guda biyu a gefensa, ba a taɓa su ba."

Saje ya buɗe baki. "Ɓarawo ya bar sabo ya ɗauki tsoho? Wannan wane irin ɓarawo ne?"

Sufeto ya miƙe tsaye. Ya juya ya dubi Injiniya.

"Wa ke riƙe da makullin ɗakin nan?"

"Ni da Dakta."

"Da ka fita ka kulle?"

"Na kulle, Yallaɓai. Har na girgiza ƙofar."

Sufeto ya taka a hankali zuwa bakin ƙofa. Ya sunkuya ya ɗauko wani kwali da aka ninke gida huɗu, gefensa ya goge ya yi baƙi. Ya cusa shi a ƙarƙashin ƙofar, ta tsaya cak a buɗe.

"Kwalin nan ya san aikinsa. Ba yau ya fara ba."

Gumi ya tsatso wa Injiniya a goshi duk da sanyin ɗakin.

"Makullin ne yake cijewa, Yallaɓai. Ɗan fita kawai na yi."

"Zuwa ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Wadda zan aura ce ta zo wucewa ta bayan cibiya. Na ce bari mu gaisa."

"Gaisuwar ta yi tsawo ke nan," in ji Saje, yana laluba ankwa a ƙugunsa. "Yallaɓai, mu tafi da ango. In ya kwana bayan kanta zai tuna inda ya ajiye katin."

"Dakata." Sufeto ya ɗaga hannu. "Injiniya, a ce kai ne kake son ɓata aikin nan. Me za ka ɗauka?"

Saurayin ya saci kallon Dakta, sannan ya nuna wani ɗan ƙaramin abu a ƙasan akwatin, bai wuce tafin hannu ba.

"Faifan ajiya. Duk abin da katunan suka lissafa, lokaci-lokaci a nan ake adana shi. Kati ba ya riƙe komai. Allo ne, ba littafi ba. Ana ɗauke masa wuta ya goge."

"Kowa a cibiyar nan ya san haka?"

"Har masu koyon aiki."

"In yana aiki, yana zafi?"

"Za ka iya soya ƙwai a bayansa."

"Buɗe hannunka."

Injiniya ya buɗe. Tafukan fes suke, sai ɗan baƙin mai a farce.

Sufeto ya sake leƙa akwatin. Sai yanzu ya lura kowane kati an manna masa farin salatif an yi rubutu da biro. Ɗaya an rubuta Gada, ɗaya Kasuwa, ɗaya Mashaya.

"Me aka rubuta a jikin wanda ya ɓata?"

Dakta ta dubi giɓin. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Bayan Katanga."

Sufeto ya ɗago kai daga akwatin.

"Za ku iya ci gaba da bakwai?" Sufeto ya tambaya.

"In ramin da aka fizge bai ƙona sauran ba," in ji Injiniya. "Sai mu sake yanka kogin gida bakwai, mu ɗora daga inda faifan ya tsaya. Zai fi jinkiri."

"Ku gwada. Amma kada kowa ya ji. A bar maganar a kan cewa aikin ya lalace."

Mai gadi dattijo ne mai furfura, yana zaune a benci bakin get da 'yar rediyonsa. Ya miƙe tsaye da ya ga kaki.

"Baba, wa ya shiga lokacin da ake lacca?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ko kaza ba ta gifta ba."

"Ba kowa ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ni ba na barci a bakin aiki, a tambayi kowa."

Sufeto ya zauna a bencin, ya cire hula, ya tambaye shi ciwon gwiwa da labarin jikoki. Saje yana gefe yana cika yana batsewa. Can sai Sufeto ya ce, "Aikin get da wuya. Mutum ya haddace fuskar kowa."

"Ai ni baƙo ba ya wuce ni. Sai dai 'yan gida."

"Su wa ke nan 'yan gida?"

"Ma'aikata mana. Da mai kawo ruwan sha. Da Yayan Dakta, mai kawo mata abinci."

"Yau ya zo?"

Dattijon ya kama gemunsa. Idonsa ya sauka ƙasa.

"Ya zo. Amma ai shi ba a lissafa shi da baƙi. Mutumin kirki ne, ranka ya daɗe, kullum sai ya tsaya mun yi raha. Da na ji ana maganar sata sai na ce kada in jefa sunan bawan Allah a ciki."

"Yau kun yi rahar?"

"To, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ya shiga da jakar kula, ya fito da ita. Ban taɓa ganin abinci ya koma ba. Na ce Yaya, yau ƙanwar taka azumin dole za ta yi? Ko juyowa bai yi ba. Ya faɗa koriyar a-kori-kurarsa ya ja. Ga hankici ɗaure a hannunsa."

Saje ya dubi Sufeto, Sufeto ya dubi ƙasa.

A mota Saje ya kasa haƙuri. "Yallaɓai, yayanta fa! Uwa ɗaya uba ɗaya! Me zai yi da tsohon kati?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ɓarawon kuɗi zai ɗauki sabo, ɗan cikin gida zai ɗauki faifai. Wanda ya ɗauki katin nan ya yarda cewa unguwar tana cikinsa. Wani ne ya yi masa bayani, ya fahimci rabi. Gobe da sassafe ka je bakin katangar nan, ka sha shayi da magina. Ka ji wa ya gina ta."

Washegari da hantsi Saje ya dawo takalminsa duk laka. Ya ja Sufeto gefe a barandar cibiyar.

"Babban kamfani ne ya karɓi aikin, amma ya rarraba wa ƙanana. Daidai kwanar da ruwa ke bugawa, wani mai koriyar a-kori-kura aka ba. Maginan sun ce tushen bai kai zurfin da aka zana ba, tsayin ma an rage. Sun yi magana, ya ce kogin nan bai taɓa kaiwa can ba."

Sufeto ya ja dogon numfashi, ya tura ƙofar ɗakin injuna.

Fankoki bakwai suna ta huci. Idanun Dakta sun yi ja, amma tana murmushi.

"Sun ɗauka, ranka ya daɗe! Kafin azahar za mu gani."

"Madalla. Dakta, bayanin nan na yara dubbai da kika yi mini jiya, wa kika taɓa yi wa a ɗakin nan, wanda ba ma'aikaci ba?"

Ta ɗan yi tunani. "Ba na shigo da kowa. Sai Yaya. Rannan ya kawo abinci ya tarar da ni a nan, ya ce Auta, wai me kike dafawa a cikin firjin nan? Na nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ga mai riƙe da kasuwa, ga mai riƙe da bayan katanga. Har na yi masa alfahari cewa ban yarda da awon takarda ba, da ƙafata na je na auna katangar." Ta yi 'yar dariya. "Ya ce kai, Auta, kin fi ƙarfina."

"Kin gaya masa kati yana mantawa in an ɗauke wuta?"

"A'a. Me zai kawo wannan maganar?" Dariyar ta tsaya a fuskarta. "Ranka ya daɗe, me kake nufi?"

"Wace sana'a yake yi?"

"Kwangilar gini. 'Yan shaguna, gyaran makarantu. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Shi ya kai ni makaranta a bayan babur ɗinsa. Don Allah kada ka ce abin da nake jin za ka ce."

"Ban ce komai ba. Kira shi, ki ce yunwa kike ji."

Ta ɗauki wayar ta danna.

Bai daɗe ba ya iso. Kakkauran mutum ne mai fara'a, jakar kula a hannun hagu, na dama kuwa naɗe da bandeji. Ya yi turus da ya ga kaki, sannan ya saki fuska.

"Auta, ashe baƙi gare ki. Sannunku da aiki, Yallaɓai. Na ji abin da ya faru, Allah ya tona asirin azzalumi."

"Amin," in ji Sufeto. "Me ya sami hannun?"

"Lagireton mota ne. Na buɗe da zafi."

"Jiya ka zo nan?"

"Jiya? A'a, ina wajen aiki. Auta ma shaida ce, ban kawo abinci ba."

"Mai gadi ya ce kun gaisa."

"Tsufa ne, Yallaɓai. Shekaranjiya yake nufi."

"Kwance bandejin mu gani."

Yaya ya yi dariya, ya dubi ƙanwarsa kamar za ta shigar masa. Ta kawar da kai. A hankali ya warware. Yatsu huɗu sun yi bororo a jere, tafin ya yi ja, ga wata 'yar tsaga a babban yatsa. Sufeto ya ciro fiffiken fanka daga aljihu ya ajiye a tebur.

"Lagireto tururi yake fesawa, ya ƙona bayan hannu. Wannan damƙa ce. Ka riƙe abu mai zafi, kuma ka ƙi saki."

Kafin Yaya ya buɗe baki, kwamfuta ta yi ɗan ƙara. Injiniya ya zabura.

"Dakta, ya gama!"

Taswirar kogin ta cika babban allon bango. Ruwan, shuɗi, ya fara kumbura. Ya wuce ƙarƙashin gada, ya lashi gefen kasuwa ya janye. Da ya iso kwanar katanga sai ya taru, ya yi duhu, ya tsallake. Layin sababbin gidaje ya shiga nutsewa ɗaya bayan ɗaya, har shuɗin ya kai tagogi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Saje, ya cire hularsa bai sani ba.

Jakar kula ta suɓuce daga hannun Yaya ta faɗi. Ya matsa gaban allon, bakinsa a buɗe.

"Wannan bayan katanga ne? Ta yaya? Ai katin yana cikin kogi! Da hannuna na jefa shi!"

Kowa ya juyo ya dube shi. Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya kai ƙonannen hannun ya toshe baki.

Dakta ta matso gabansa.

"Yaya," ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Babu komai a cikinsa. Tun kafin ka kai ƙofa ya manta."

Ya zube a kan kujera. Duk girman jikin nan ya koma kamar an sace masa iska.

"Auta, ki saurare ni. Ban yi don in cuce ki ba. Aikin ya zo mini a matse, na ce taƙi ɗaya ko biyu ba zai yi komai ba. Tun muna yara ruwa bai taɓa kaiwa wurin ba. Da kika ce kin auna da kanki, na kasa barci. Na ce in na ɗauke katin unguwar kawai, sauran aikinki yana nan, ba wanda zai zarge ki. Kwamiti ya wuce, in lallaɓa in gyara bayan damina."

"Bayan damina," ta maimaita. "Mutanen fa? Ina za su kwana kafin bayan damina?"

Ya sunkuyar da kai.

Sai ga wani abu ya faɗo mata a rai. Ta cire tabarau, ta dube shi da idanu tsirara.

"Mama ta so gida a can. Ta ce tana son ta riƙa ganin ruwa daga taga. Kai ka hana. Ka ce sauro ya yi yawa." Ta girgiza kai. "Ashe ba sauro ba ne. Ka sani, Yaya. Ka cire uwarka, ka bar uwayen wasu."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza.

"Na sani," ya ce. "Allah ya gani, na sani."

Sufeto ya yi wa Saje alama da kai. Saje ya matso da ankwa, ya dubi ƙunar, sai ya sassauta ta a wuyan hannun dama. A karon farko tun jiya bai yi ba'a ba.

A bakin ƙofa Yaya ya waiwayo.

"Auta, abincin. Mama ta ce ki ci da zafinsa. Don Allah kada ki gaya mata a waya, ki je da kanki."

Ta gyaɗa kai.

Suka sauka da shi. Mai gadi ya miƙe ya buɗe get, ya kasa haɗa ido da kowa.

Sufeto ya ɗan dakata a ɗakin. Injiniya ya ɗauki jakar kula daga ƙasa ya ajiye a gefen tebur. Dakta ta goge fuska da gefen mayafi, ta mayar da tabarau.

"Dakta, in ba za ki iya ba, wani ya kai musu," in ji Sufeto. "Sunan ɗan'uwanki zai fito a zaman nan."

Ta dubi allon, inda gidajen suke tsaye cikin shuɗi har tagogi.

"Ni na auna, ni zan faɗa," ta ce. "Injiniya, buga mini taswirar. Babba, yadda na ƙarshen tebur ma zai gani."